Labarin Zuciya, a Tambayi Haƙarƙari

Ni ɗan mahauci ne, a kasuwar Daura na yi wayo.
Tun kaina bai kai teburin Baba ba
na san saifa, na san ƙoda,
na san inda maɗaci ke laɓe a jikin hanta.
Na shiga aji ina hura hanci:
ciki ai ciki ne, me ya rage a karanta?

Malam Lawandi bai zo da littafi ba ran Talata.
Allin tela ya zo da shi, da zaren saƙa ja da shuɗi,
da ƙwarya biyu a cikin buhu.
Ya ce, "Rabe, ragon babanka a buɗe kake ganin sa.
Naka da ƙafarsa zai zo, da rigarsa, da kunyarsa.
Ba ka da wuƙa.
Yatsu gare ka, da ido, da fata."

Sada ne ya fi kowa rama, shi ya zama allonmu.
Ya tuɓe riga yana dariya, sanyin alli na sa shi zillo.
"Fara daga ramin wuya. Sauko.
Ka ji wani tudu a ƙashin ƙirji? Nan ne na biyu.
Ƙirga kamar mai sauka daga tsani cikin duhu."
Uku. Huɗu. Biyar.
Can ƙarƙashin yatsana wani abu ya ƙwanƙwasa,
kamar baƙo a zaure yana jiran a amsa.
Malam ya ce, "Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji mutane.
Mu nan muke tambayar ta."

Sai ya kira Mannir mai tumbi.
Muka yi ta lalube, tsani ya nutse a tsoka.
"Ba kowa ne Sada ba," in ji Malam. "Danna a hankali.
Nemi izini tukuna. Ɗumama hannunka."
Da kyar muka samo hanyar, amma mun samo ta.

Ja ya bi ta inda jini ke bugawa,
shuɗi ya bi ta inda yake komawa.
Ƙwaryar nan ya kife, ya raba bayanta huɗu:
"Allura a sama, ta waje.
Ka kauce, ka gurgunta ɗan mutane."
Har yau in na ga ƙwarya a kife ina tuna ta.

A ɗaya ɗakin, Sista Uwale ta ba 'yan mata lalle.
Murja ta zana jijiyoyin bayan hannunta,
ta je biki a Sandamu da su,
mata suka yi ta tambaya wane sabon yayi ne.
Sati biyu darasin bai goge ba,
ko ta so ta manta.

Daren Alhamis na tarar da Baba a tabarma,
ya yi wanka, ƙanshin sabulu da ɗan ƙarnin da ba ya fita.
Na ce ya ba ni ƙirjinsa.
Ya ce, "Yau kuma ni ne ragon?"
Na ɗumama hannuna. Na sauka tsanin.
Na kama yatsansa mai tabon wuƙa na ɗora a wurin.

Ya yi shiru.
Akuyar maƙwabta ta yi kuka, aka ɗauke wuta.
Ya ce, "Shekara arba'in ina riƙe ta a tafin hannu,
ban taɓa samun ta tana aiki ba."
Na janye hannuna in kunna fitila.
Shi bai janye nasa ba,
ya zauna a duhu yana sauraren ta.